Tarihin Sa Ƙananan Halittu Aikin Kawar da Gubar Ƙarafa

Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne bin diddigin wata dabara wadda masana kimiyya suka shafe fiye da shekara ɗari suna nazarinta, watau sa ƙananan halittu, irin su bakteriya da funfuna, aikin kawar da gubar ƙarafa daga ruwa da ƙasa. Batun bai tsaya ga masana kaɗai ba. Ƙasar da ta ga abin da dalma ta yi wa yaran Zamfara cikin 2010, wadda kuma ta daɗe tana fama da ruwan majemun zamani a kogin Calawa, ya kamata ta san abin da wannan dabara za ta iya da abin da ba za ta iya ba. Ɗalibin yau shi ne zai yi binciken gobe, ma'aikacin gwamnati kuwa shi ake kawo wa takarda ya sa hannu a kan kuɗin aiki.

Kafin a shiga tarihin, tilas ne a daidaita kalmomi. Bahaushe ya saba kiran bakteriya da sunan ƙwayoyin cuta, amma sunan ya zalunce su, domin mafi yawansu ba sa jawo cuta ko kaɗan. Su ne ke mai da kalwa daddawa, su ne ke sa madara ta yi tsami ta zama nono, su ne kuma ke sa baba ya nuna a cikin karofi har ya kama zane. Funfuna kuwa ita ce wadda ake gani a kan tuwon da ya kwana biyu, kuma danginta ɗaya da yisti da lemar kwaɗi. Ƙarafan da ake magana a kansu su ne waɗanda masana ke kira masu nauyi, kamar dalma da zaiba da kadmiyam da kuromiyam da yuraniyam, ana kuma haɗa asinik da su saboda kamancin illarsa.

Ƙarfe ba ya mutuwa

Akwai wata ƙa'ida wadda duk tarihin ya rataya a kanta. Man fetur da ya malala a ƙasa, bakteriya na iya cinye shi su mai da shi ruwa da iska, ya ɓace. Haka aka taimaka musu da taki suka yi a gaɓar tekun Alaska bayan haɗarin jirgin ruwan Exxon Valdez cikin 1989. Ƙarfe kuwa asalin sinadari ne, ba a farfasa shi ya zama wani abu dabam. Dalmar da ta shiga ƙasa bana tana nan bayan shekara dubu. Saboda haka iyakar abin da ƙananan halittu ke yi wa ƙarfe shi ne sauya masa siffa: ko su narkar da shi ya bi ruwa, ko su daskarar da shi ya kwanta, ko su manna shi a jikinsu, ko su mai da shi tururi ya tashi. Wata siffar tana rage illa, wata kuwa ƙara ta take yi. Wanda ya riƙe wannan ƙa'ida zai gane dalilin nasarorin da za a ambata, da dalilin faɗuwar da aka yi.

Farkon sani

Mutum na farko da ya ga bakteriya da idonsa shi ne Antonie van Leeuwenhoek, wani ɗan kasuwar yadi a garin Delft na ƙasar Holan, cikin 1676, ta madubin ƙara girma wanda ya haɗa da hannunsa. Sai da aka yi shekara ɗari biyu kafin a gane cewa wasu daga cikinsu duwatsu da ma'adinai ne abincinsu. Cikin 1887 wani masani ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, ya nuna cewa akwai bakteriyar da ke samun ƙarfin rayuwa daga farar wuta. Cikin 1895 kuma, a wancan garin na Delft, Martinus Beijerinck ya ware daga taɓon magudanar ruwa wasu bakteriya masu rayuwa inda babu iskar shaƙa, waɗanda ke fitar da iska mai warin baragurbi. Duk wanda ya taɓa tona baƙin taɓon kududdufi ya san wannan wari. Baƙin taɓon ma aikinsu ne, domin iskar da suke fitarwa tana haɗuwa da ƙarfen da ke cikin ruwa su zama baƙin gari wanda ba ya narkewa. Babu wanda ya zaci a lokacin cewa wata rana za a gina masana'anta a kan wannan hali nasu.

Masu haƙar ma'adinai kuwa sun riga masana cin moriyar abin ba tare da sun sani ba. A kudancin Sifen akwai kogin Rio Tinto, mai jan ruwa da tsami ƙwarai, inda aka yi dubban shekaru ana haƙar tagulla da azurfa. Mahaƙan wurin sun saba tara duwatsu su riƙa zuba musu ruwa, ruwan ya tsattsafo ɗauke da tagulla, suna ɗauka ruwa da iska kaɗai ke aikin. Sai cikin 1947 Arthur Colmer da M. E. Hinkle suka gano, a cikin ruwan tsamin da ke fitowa daga ramukan kwal na Amurka, wata bakteriya mai hanzarta narkewar duwatsu masu ƙarfe da farar wuta, wadda a yau ake kira Acidithiobacillus ferrooxidans. Kamfanin Kennecott ya yi rajistar dabarar amfani da ita cikin 1958 don tatsar tagulla daga tarin tarkacen ma'adininsa a jihar Utah. Daga baya dabarar ta iso Afirka wajen ware zinariya: an kafa ta a Fairview ta Afirka ta Kudu cikin 1986, sa'an nan a Obuasi ta Gana cikin 1994. Abin lura a nan shi ne, halitta ɗaya ce ke gurɓata koguna da ruwan tsami, ita ce kuma ke azurta kamfanoni. Bambancin kawai shi ne inda ruwan ya nufa.

Sa'ad da ƙwayoyin suka ƙara wa guba ƙarfi

Cikin ƙarni na 19 Turawa sun yi yayin manna wa bangon ɗakunansu takarda mai launin kore, wadda aka rina da sinadarin tagulla da asinik. A gidaje masu danshi mutane suka riƙa ciwo, ana kuma jin wani wari kamar na tafarnuwa. Wani likita ɗan Italiya, Bartolomeo Gosio, ya nuna a farkon shekarun 1890 cewa funfunar da ke tsirowa a kan takardar ita ce ke mai da asinik iska. Cikin 1933 Frederick Challenger na Jami'ar Leeds ya tantance ko wace iska ce. Binciken da ya biyo baya ya nuna dafin wannan iska bai kai yadda aka zata ba, amma an riga an koyi babban darasi, cewa halitta mai rai na iya ɗaukar guba daga busasshen abu ta sauya mata siffa.

Darasi mafi ɗaci ya zo daga Japan. Tun daga 1932 masana'antar Chisso da ke garin Minamata ta riƙa zubar da ruwa mai ɗauke da zaiba a cikin teku. Kyanwoyin garin ne suka fara nuna alama, suna tangaɗi suna faɗawa ruwa. A ranar 1 ga Mayu 1956 aka kai rahoton farko na wata baƙuwar cuta mai lalata ƙwaƙwalwa da jijiyoyin masunta da iyalansu. Masanan Jami'ar Kumamoto sun nuna yatsa ga zaiba tun 1959, amma sai 1968 gwamnati ta amince, aka kuma daina zubar da ruwan a wannan shekara. Ya zuwa Maris 2001 an tabbatar da mutum 2,265 da suka kamu, 1,784 daga cikinsu sun rasu.

A Minamata, mugun nau'in zaibar, wanda ake kira metilmakuri, a cikin masana'antar ya samu. Amma a Suwidin an riƙa samun wannan nau'i a jikin kifayen tafkunan da ba shi aka zuba musu ba. Cikin 1969 Sören Jensen da Arne Jernelöv suka warware matsalar: ƙananan halittun da ke cikin taɓo su ne ke mai da zaiba ta yau da kullum wannan mugun nau'i, mai taruwa a jikin kifi ya haura zuwa jikin mutum. Daga baya aka gane cewa manyan masu wannan aiki dangin bakteriyar Beijerinck ne, cikin 2013 kuma masana a Oak Ridge ta Amurka suka gano ƙwayoyin gado biyu da ke ba su ikon yin haka. A wannan shekara ce ƙasashen duniya suka rattaba hannu a kan Yarjejeniyar Minamata ta taƙaita amfani da zaiba, wadda ta fara aiki cikin 2017.

Yadda Japan ta gyara ɓarnar ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya sa aka shiga neman hanya mai sauƙi. Daga 1977 zuwa 1990 aka yashe taɓo wajen mita miliyan ɗaya da rabi na awon cikin kwali daga mashigin Minamata, aka binne shi aka rufe, sai 1997 aka ce kifin wurin ya ciwu. A lardin Toyama kuwa, inda kadmiyam daga ma'adinin Kamioka ya bi kogin Jinzu ya shiga gonakin shinkafa har ya riƙa karya ƙasusuwan mata, sauya ƙasar gona hekta 863 ya ci daga 1979 zuwa 2012. Idan ƙasa mai arziki ta yi shekara 33 a kan ƴan gonaki, ina ga matalauciya?

Juyawar tunani

Amsar farko ta fito ne daga asibiti. Cikin 1960 aka lura a Ingila cewa wasu bakteriyar asibiti ba sa mutuwa da magungunan kashe ƙwayoyi masu zaiba. Masana a Japan da Amurka, cikinsu har da Anne Summers da Simon Silver cikin 1972, suka gano sirrin: bakteriyar na jawo narkakkiyar zaiba cikin jikinta, ta mai da ita zaibar asali mai ƙyalli, irin ta cikin ma'aunin zafin jiki, wadda ba ta zama a ruwa. Wajen shekarar 2000 wata ƙungiyar masana daga Braunschweig ta Jamus, a ƙarƙashin Irene Wagner-Döbler, ta kafa wata tukunyar gwaji cike da irin waɗannan bakteriya a wata masana'antar sinadarai a Ústí nad Labem ta ƙasar Cek. Ruwan masana'antar ya riƙa ratsa tukunyar yana barin fiye da kashi 90 cikin ɗari na zaibarsa a ciki.

Nasara mafi ɗorewa ta samu a ƙasar Beijerinck. A Budel ta Holan akwai matatar tutiya wadda ta yi wajen shekara ɗari tana aiki, har ruwan ƙarƙashin ƙasa ya cika da tutiya da kadmiyam. Cikin 1992 aka buɗe wata matatar ruwa wadda kamfanin Paques ya gina. Ana zuƙo ruwan daga rijiyoyi, a shigar da shi manyan tankuna inda ake ciyar da bakteriyar nan masu warin baragurbi. Iskar da suke fitarwa ta haɗu da ƙarafan su kwanta a matsayin gari, sa'an nan a kwashe garin a mai da shi cikin matatar a sake narkar da tutiyarsa. Abin da ya sa wannan aiki ya yi albarka abu uku ne: gubar tana cikin ruwa, ruwan yana cikin tanki inda ake iya lura da shi, ƙarfen da aka kama kuma yana da mai saye.

Inda aka rasa ɗaya daga cikin ukun nan, sakamakon kan zo da gardama. Cikin 1987 Derek Lovley ya ware daga taɓon kogin Potomac wata bakteriya, Geobacter, wadda ke amfani da tsatsar ƙarfe kamar yadda mutum ke amfani da iskar shaƙa. Cikin 1991 ya nuna cewa tana yi wa yuraniyam haka nan, tana mai da narkakke daskararre. Aka gwada abin a fili cikin 2002 a garin Rifle na jihar Kolorado, inda tsohuwar matatar yuraniyam ta gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa. Aka ɗura asitet, wani abinci mai araha dangin ruwan tsami, cikin rijiyoyi. Cikin kwana 50 yuraniyam ya ragu ƙwarai. Daga nan sai wasu bakteriya dabam suka rinjayi Geobacter a kan abincin, yuraniyam ya fara dawowa. Daɗin daɗawa, wanda ya kwanta ɗin yana nan a ƙarƙashin ƙasa, kuma iskar shaƙa na iya sake narkar da shi. An ɗaure shi ne, ba a fitar da shi ba.

Rawar funfuna

Funfuna tana da halaye biyu da suka ja hankalin masana. Na farko, bangon jikinta yana kama ƙarfe kamar yadda ƙaya ke kama tufa, ko tana raye ko ta mutu. Cikin 1981 Marios Tsezos da Bohumil Volesky na Jami'ar McGill ta Kanada suka nuna cewa busasshiyar funfunar Rhizopus, dangin wadda ke tsirowa a kan burodi, tana iya kama yuraniyam kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinta. Da yake masana'antun magunguna da na giya suna zubar da tarin funfuna da yisti a banza, aka yi zaton an sami matatar ruwa ta kyauta. Cikin shekarun 1980 wasu kamfanoni a Amurka suka fito da kayan tace ruwa da aka yi da matattun bakteriya da gansakuka. Ba su kama kasuwa ba. A ɗakin gwaji ƙarfe ɗaya ake zubawa cikin tsabtataccen ruwa, amma ruwan masana'anta gauraye yake da gishiri da mai da ƙarafa iri iri, duk suna rububin wuri ɗaya. An rubuta dubban maƙalu a kan dabarar, amma aikin da ya tsaya da ƙafarsa a masana'anta kaɗan ne.

Hali na biyu shi ne fitar da ruwan tsami mai narkar da dutse. A nan binciken Geoffrey Gadd da abokan aikinsa na Jami'ar Dundee a Sikotilan ya shafi dalma kai tsaye. Akwai wani ma'adinin dalma mai suna pairomofait, wanda kusan ba ya narkewa, har masana ke ba da shawarar a zuba wa gurɓatacciyar ƙasa sinadarin fosfet don dalmarta ta koma wannan siffa. Cikin 1999 suka nuna cewa baƙar funfunar nan ta kan albasa, Aspergillus niger, tana iya narkar da shi. Cikin 2012 kuma suka nuna cewa wasu funfuna dabam suna mai da dalma tsantsa wannan ma'adini. Watau wata tana kullewa, wata tana buɗewa, kuma duka biyun a ƙasa ɗaya suke zaune. Bayan haɗarin Canobil na 1986 an ga wata fuskar matsalar: lemar kwaɗi a dazuzzukan Jamus ta tsotse sinadarin siziyam daga ƙasa, dabbobin dawa suka ci, gubar ta dawo teburin mafarauta. Funfunar da ta tara guba, in ba a kwashe ta ba, ita kanta ta zama guba.

Zamfara da Kano

Cikin Maris 2010 ma'aikatan ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka suka tarar da yara suna suma suna mutuwa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Kamar kyanwoyin Minamata, a nan agwagi ne suka fara mutuwa. Farashin zinariya ya tashi, mutane suka riƙa kawo duwatsu gida suna dakawa a turmi, suna niƙawa a injin niƙan hatsi. Duwatsun kuwa cike suke da dalma, dangin dutsen kwalli, wadda ruwan sama da iska suka riga suka sauya ta zuwa siffa mai saurin narkewa a cikin ciki. Ƙurar ta kwanta a tsakar gida inda yara ke rarrafe. A wasu wurare dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 10 cikin ɗari na nauyinta. A ƙauyuka biyu da aka fara bincika, yara 118 cikin 463 ƴan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda. Gaba ɗaya an rasa yara fiye da 400.

Da aka zo gyara, ba bakteriya aka kira ba. Fartanya da shebur da buhu aka ɗauka. Aka kankare saman ƙasa a gidaje fiye da 800 cikin ƙauyuka takwas, irin su Dareta da Ƴargalma da Abare, aka binne ta a ramukan da aka tanada, aka shimfiɗa sabuwa. Bagega, wadda ta fi su girma, sai 2013 aka kai gare ta, bayan an daɗe ana jiran kuɗin gwamnatin tarayya. Wannan hanya ita ce daidai, domin ba a ba yaro maganin fitar da dalma alhali zai koma gidan da ke cike da ita, kuma yaro mai rarrafe ba zai jira shekarun da funfuna ke bukata ba. Cikin 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja.

Matsalar Kano kuwa ta fi kama da ta Budel. Majemin gargajiya da bagaruwa yake jima, amma majemun zamani na Sharaɗa da Calawa da Bompai da gishirin kuromiyam suke aiki, ruwansu kuma yana gangarawa inda ake noman rani. Kuromiyam yana da siffa biyu, ɗaya mai saurin narkewa da jawo ciwon daji, ɗaya mai sauƙin illa da saurin kwantawa, kuma tun 1977 masana a Tarayyar Sobiyat suka sami bakteriyar da ke mai da ta farko ta biyu. A nan gubar tana cikin ruwa, ruwan yana fitowa ta bututu sananne, kuromiyam ɗin da aka kama kuma yana iya komawa aikin jima. Masu bincike a jami'o'in Kano da Zariya sun sha ware bakteriya da funfuna masu jure ƙarafa daga wannan ruwa. Tazarar da ke tsakanin kwalbar gwaji da tankin masana'anta ita ce babban aikin da ke gaban ɗalibai.

Kammalawa

Tarihin nan ya bar wa mai yanke shawara tambayoyi huɗu da zai yi wa duk wanda ya kawo masa shirin tsarkake wuri da ƙananan halittu. Ina ƙarfen zai koma bayan an kama shi, wa kuma zai kwashe shi? An gwada dabarar a kan ainihin ruwan wurin ko ƙasarsa, ko kuwa a kwalba kaɗai? Wa zai ci gaba da awo bayan shekara biyar, sa'ad da ƙarfen da aka ɗaure zai iya kwancewa? Sa'an nan, an toshe hanyar da gubar ke shigowa? A Minamata an yi shekara 12 ana zubar da zaiba bayan an ga marasa lafiya na farko, kuma babu wata halitta da za ta iya tsarkake ruwan da ake ƙara wa guba kullum. A Zamfara ma abin da ya hana gidajen da aka gyara sake gurɓata shi ne fitar da niƙan dutse daga cikin gari da koya wa mahaƙa wanke jiki da sauya tufa kafin su shiga gida. Bahaushe ya ce rigakafi ya fi magani. Ƙananan halittu ma'aikata ne masu araha da haƙuri, kuma inda aka ba su aikin da ya dace da su, kamar a Budel, sun yi shi shekara da shekaru. Amma aikin hana gubar fita tun farko yana wuyan masu masana'antu da mahaƙa da hukumomin da ke sa musu ido.